Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ya sauya tun kullen korona

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki ya daina fara'a tun lokacin kullen korona, yana firgita cikin barci, ba ya son makaranta, kina tambaya ko abin da ya wuce shekaru zai iya bin yaro har yau. Yana iya binsa ƙwarai. Ni malamar firamare ce a nan cikin gari, na ga irinsa da yawa.

A Maris 2020 aka rufe makarantu, a Afrilu aka kulle Kano, boko da Islamiyya duk suka tsaya, sai wajen Oktoba aka koma aji. Sallah ma ta zo ba hawa. Abin da ya fi taɓa yara, a ganina, mace-macen dattawan nan ne na watan Afrilu. Kullum sai an ce an yi rashi a unguwa, wani yaron kakarsa da yake kwana a ɗakinta ce ta tafi, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Manya muna ta kanmu, maigida ba kasuwa, gida ba cefane, faɗa ya yi yawa, yaro yana gefe yana haɗiye komai.

Da suka dawo aji, wasu sun koma fitsarin kwance, wasu abu kaɗan sai kuka ko dambe. 'Yan matasa kuwa, wanda ya saba da waya ko ya ɗanɗana kuɗin sana'a, karatu ya fita daga ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Don Allah kada a dake shi, kada a ce masa rago. Ki ja shi da hira kina aiki, ki tambaye shi me yake tunawa, ko da zai yi shiru sau da yawa kafin ya buɗe baki. Ki sanar da malaminsa. Ki ci gaba da yi masa addu'a, amma ki haɗa da asibiti: akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano da kuma na Dawanau, zuwa can ba ya nufin hauka. Idan ya daina cin abinci ko ya fara zancen gara ya mutu, ranar nan za ki kai shi. Allah Ya ba shi lafiya.