Amsoshin Tambayoyinku: FC ko PES, GTA a Hannun Yaro, da Jabun Fad da Ya Cika Kasuwa

Wani matashi daga Aboabo ya rubuto: "Yaya, zan buɗe gidan gem da PS4 guda huɗu. Wane wasan ƙwallo zan saka, FC ko eFootball? Abokaina sun rabu biyu."

Ƙanena, kowa cikin abokanka yana yabon wanda hannunsa ya saba da shi ne. Kai kuwa kasuwa za ka yi. Saka FC a na'ura uku, PES 2021 (wasan ƙwallo na kamfanin Konami) a ta huɗu, eFootball ka bar wa masu waya.

FC shi ne FIFA ɗin da ka sani. Bayan FIFA 23 kamfanin EA ya rabu da hukumar FIFA, daga 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Ƙarfinsa lasisi ne: Firimiya, La Liga, gasar Zakarun Turai, da sunaye da riguna na gaskiya. Yaron da ya zo da 'yan sidinsa so yake ya ga Kudus ko Semenyo sanye da rigar ƙungiyarsu. Rauninsa kuwa, gudu ya fi dabara tasiri. Ka sami ɗan gefe mai sauri, ka ja zuwa layin ƙarshe, ka mayar da ƙwallo baya, an ci. Sannan fasahar motsin 'yan wasa da suke talla da ita, HyperMotion, babu ita a PS4. Wanda ya sayi sabon fitowa da cikakken farashi don PS4, yawancin abin da ya biya wa kuɗi sabunta sunayen 'yan wasa ne. Nemi faifan bara na hannu, ya ishe ka.

PES 2021 ya fi shi kama da ƙwallo. Ƙwallon tana da nauyi, fasin yana buƙatar ka dubi inda ɗan wasa ya fuskanta kafin ka danna. Yana da Master League, inda kake jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka, kuma yana barin ka gyara ƙungiyoyi: a PS4 ana zuba fayil ɗin gyara cikin filash, a jaka mai suna WEPES, a shigar da riguna da tambura. Da haƙuri za ka iya gina Kotoko da Hearts of Oak da hannunka, tunda babu gasar Ghana a ko ɗaya cikin wasannin nan. Amma alƙalan wasansa suna da son busa, mai sharhi yana maimaita magana ɗaya har ta gundure ka, kuma Konami ta rufe wasansa na intanet tun 2022. Shi kuwa eFootball, wanda ya gaje shi a 2021, kyauta ne, an gyara shi sosai bayan mummunar fitowar da ya yi, sai dai an gina shi ne don karawa ta intanet. Mutum biyu a benci ɗaya ƙungiyoyi kaɗan za su samu.

Kada ka haɗa katin banki ko MoMo (asusun kuɗi na waya) da na'urar shago saboda Ultimate Team, sashen FC da ake sayen fakitin 'yan wasa. Kana biya ne a ba ka fakitin da ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da makin FIFA a can.

Wata uwa daga Asawase: "Malam, kawun ɗana ya aiko masa da PS4 daga Jamus da faifan GTA 5. Shekararsa 11. Ina jin harbi da zagi daga ɗaki, hankalina bai kwanta ba. In ƙwace ne?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, kunnenki bai yaudare ki ba, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Dubi kusurwar ƙasa ta kwalin, za ki ga lamba 18 cikin jan akwati. A yawancin faifan Turai 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. A na Amurka haruffa ne: E na kowa, T na matasa, M na manya.

GTA V, wanda ya fito a 2013, aiki ne na gwanaye, ba a musu: babban birni da aka kwaikwayo daga Los Angeles, da mutum uku da ake sauyawa tsakaninsu. Amma labarinsa fashi ne da kisa da ƙwaya, akwai gidan rawar tsiraici, akwai wurin da mai wasa da hannunsa zai azabtar da wani. Bai dace da ɗan shekara 11 ba ko kaɗan.

Kada ki ƙwace na'urar, zai koma gidan gem ne inda ba kya ganinsa. Faifan za ki ɗauke, a musanya shi da Crash Team Racing, tseren motoci da yara huɗu za su yi tare a talabijin ɗaya, ko Minecraft, inda ake gine-gine, ko wasan ƙwallo. Sannan ki sa wani babba ya shiga saitin na'urar, sashen Parental Controls, ya ƙayyade shekaru. Lambar sirrin da take zuwa da ita 0000 ce, kuma duk yaran unguwa sun san haka, don haka a sauya ta, ke kaɗai ki riƙe. Allah Ya raya mana shi.

Wani daga Tafo Zongo: "Wani ya ce zai tura mini GTA 5 a wayata in ba shi sidi 20. In biya?"

A'a. Rockstar ba ta taɓa fitar da GTA V don Android ba. Abin da zai tura maka ko dai San Andreas ne da aka sauya wa fenti, ko manhajar da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, inda lambobin MoMo ɗinka suke shigowa. Wannan tambaya ta sha zuwa, kuma amsar ba za ta canza ba.

Wani daga Sawaba: "Yaya, fad uku na saya cikin wata shida, duk sabbi a kwali, duk sun mutu. Ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai, R2 ya daina aiki. FC ne yake lalata fad?"

FC yana wahalar da R2, maɓallin da ke goshin fad (abin riƙewa da ake buga wasa da shi) ta dama, gaskiya ne, domin da shi ake gudu, kuma mutanenmu ba sa ɗaga yatsa daga kansa. Amma fad na asali ba ya mutuwa a wata biyu. Jabu aka sayar maka sau uku, kuma nan ne zan daɗe, domin babu abin da ke cin kuɗin masu gem a garin nan na Kumasi kamar wannan.

Kwali ba shaida ba ne. Tambarin Sony ba shaida ba ne. Ko lambar CUH-ZCT2 da ke bayan fad ɗin, masu jabu suna buga ta tsaf. Duk wanda ya miƙo maka "sabon" DualShock 4, wato fad ɗin PS4, a sulusin farashin da ka san ana sayar da na asali daga Adum har Kejetia, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin, kai ne ba ka saurara ba. Ba a cinikin biri a sama. Ka ce a jona maka shi a na'ura nan take. Mai shagon da ya ƙi, juya ka tafi.

In an jona, fara da L2 da R2. Buɗe wasan mota, ka danna R2 a hankali. A na asali motar za ta ɗauki gudu kaɗan-kaɗan gwargwadon dannawarka. A jabu da yawa babu tsakiya, ko tsaye ko a guje. Sai ka buɗe allon rubutu na na'urar, ka ja yatsa a kan faffaɗan maɓallin taɓawa da ke tsakiya, ka ga ko alamar tana bin yatsanka. Danna R3, wato ka danna sandar analog ta dama ƙasa, a wannan allon, ka karkata fad ɗin hagu da dama: in alamar ba ta motsa ba, babu na'urar jin motsi a ciki. Soka abin saurare a ramin ƙasa ka ji ko sauti zai fito, domin jabu da yawa ramin ado ne kawai. Ɗaga shi a hannu: na asali giram 210 ne, jabu yakan fi sauƙi saboda ƙaramin batir da ƙananan injinan girgiza. Duk wannan bai fi minti biyar ba. Mutum zai tsaya rabin awa yana neman ragin sidi biyar, amma ya kasa ba da minti biyar ya gwada abin da zai biya ɗaruruwa a kai. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai.

Tsohon fad na asali ya fi sabon jabu, ko da ya fara tafiya shi kaɗai, domin shi yana gyaruwa. A ƙarƙashin kowace sandar analog akwai 'yan faifan gawayi biyu masu auna motsi. Gogayya da ƙurar hunturu suke cinye su. Wani lokaci goge su da sinadarin isopropyl ya wadatar. In sun cinye, mai gyara zai narkar da dalma a ƙafafu 14, ya cire sandar gaba ɗaya ya saka wata. R2 kuwa yawanci ɗan sifirin ne ko robar da ke ƙasansa, kuɗinsu kaɗan. Kada ka ɗura masa turare ko man inji. Kuma in fad ya ƙi haɗuwa da na'ura, sauya kebul kafin ka zarge shi, domin kebul na caji zalla ba ya ɗaukar saƙo.

Jabun bai tsaya a fad ba. "Lodin gem" da ake yi muku da araha iri biyu ne, kuma duka akwai ƙaiƙayi. Na farko, mai shago ya zuba maka wasa daga asusunsa. Asusu ɗaya na'urar PS4 ɗaya tak yake iya ɗauka a matsayin babbar na'urarsa. Ranar da ya sayar wa wani ya cire taka, za ka wayi gari ka ga alamar kwaɗo a kan kowane wasa, kuma ba ka da abin kamawa. Na biyu, na'urar da aka fasa wa manhaja. Wasannin sata ne, ba za ka shiga PSN, dandalin intanet na PlayStation, ba, kuma ranar da ƙaninka ya danna sabuntawa komai ya rufe, ba a komawa baya. Faifai na hannu kuwa naka ne: ka gama ka sayar, ko ka musanya.

Masu sayen katin kuɗi na PlayStation su ma su kula. Ghana ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusu, shi ya sa kowa ke buɗe na Amurka ko Ingila. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Faifai yana aiki ko daga ina ya zo, amma ƙarin da ake saya masa dole ya dace da yankin faifan.

Tunda wutarmu ba ta da alƙawari, haɗa na'urar da UPS, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Ɗaukewar wuta tana tsakiyar ajiya ita ke lalata bayanai. In ta riga ta faru, kashe na'urar, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa 7, jona fad da kebul, ka zaɓi Rebuild Database. Ba ya goge wasanninka. Initialize ne mai gogewa, kada hannunka ya kai can.

Wata ɗaliba daga Asokore Mampong: "Wayata RAM 4 ce, a kwali an rubuta 4+4. Free Fire, PUBG ko Call of Duty?"

Ƙanwata, 4 gare ki. Ɗaya 4 ɗin aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma ba ta kai RAM na gaske sauri ba ko kusa. Free Fire ne zai gudu lafiya: mutum 50, kamar minti 10 an gama. Aibinsa, wasu kayan adon bindiga da ake saya suna ƙara mata ƙarfi, mai kuɗi yana da fifiko a kanki. PUBG Mobile ya fi adalci da zurfin dabara, mutum 100 ne, amma zagaye ɗaya yana kai rabin awa, wayar za ta yi zafi ta fara tsinkewa daidai lokacin da aka rage kaɗan. Call of Duty Mobile ya fi su daɗin sarrafawa, kuma karawarsa ta biyar da biyar gajeriya ce, sai dai yana iya cin fiye da giga 10 in kin sauke taswirori duka. Buga wasan ba ya shan data sosai, sabuntawa ce mai sha, ki jira Wi-Fi ko bandir ɗin dare. Kada ki yi wasa waya tana caji, zafi biyu ne a kan batir ɗaya.

Wani tela daga Akwatia Line: "Malam, ba na son ƙwallo, labari nake so, kuma ba ni da intanet a gida."

Spider-Man na 2018 ya fi sauƙin shiga. Lilo tsakanin benayen New York bai gundurar mutum, amma ƙananan ayyukan gefe iri ɗaya ne, kuma wuraren da ake raɓewa da Mary Jane suna kashe armashi. God of War na 2018 ya fi shi labari, uba da ɗa a kan hanya, kyamara ba ta yankewa daga farko har ƙarshe, ko da yake manyan dodanninsa maimaici ne, kuma an gina shi kan tatsuniyoyin gumakan arewacin Turai, in hakan zai dame ka. Red Dead Redemption 2 ya fi su duka zurfi, amma faifai biyu ne, yana cin kusan giga 100, kuma tafiyarsa a hankali take, doguwar tafiya a kan doki kafin a kai ga abin yi. Mai tashi daga keken ɗinki da dare a gajiye, ya fara da Spider-Man. Duk ukun suna aiki daga faifai ba tare da intanet ba. Biyun ƙarshe na 'yan 18 ne, a ɓoye su daga yaran shago.

Wani daga Alabar: "A cikin gem, wanne ya fi kawo kuɗi, Aviator ko ƙwallon kwamfuta ta gidajen bet?"

Waɗannan ba gem ba ne, caca ce, kuma ka sani. Babu gwanintar hannu a ciki, kwamfuta ce ke fitar da sakamako, kuma an tsara lissafin yadda mai gidan ne zai ci a ƙarshe. Masu sayar da "manhajar hasashe" a Telegram da WhatsApp kuɗinka suke hasashe. Dokar Ghana ta 2006 ta hana wa 'yan ƙasa da 18, addininka ya hana maka ko shekararka nawa. Kada ka sake aiko wa wannan shafi irin wannan tambaya.