Rautar da ke yanke intanet: kar ka fara da risetin

Toh yaro, na ga saƙonka. Ka ce mutanen gidan sun sake kiranka, rautarsu, na'urar da ke raba musu waifai, sai ta yi aiki kamar minti ashirin ko talatin sai intanet ta ɗauke, can anjima ta dawo da kanta, kai kuma ka danna risetin har sau biyu ba abin da ya canza, shine kake tambaya ko ka ce musu su sayi sabuwa kawai a huta.

Kar ka faɗa musu haka tukunna. Kuma wannan risetin da hannunka ke saurin zuwa kansa ka rage shi, don yana goge duk saitin da ke ciki, in layin nasu irin mai yuzanem da fasawod na kamfani ne kuma ba ka rubuta su a gefe ba, kaga ana kukan targaɗe sai ga karaya, da intanet na yankewa ne yanzu kuma babu ita gaba ɗaya.

Abin da ba ka faɗa min ba shine wane waje ne yake yankewa. Kai ma na san ba ka duba ba. In mutum ya ce "waifai ya ɗauke" abu uku ne zai iya zama: ko tsakanin waya da rauta ne ya tsinke, ko tsakanin rauta da kamfanin da ke ba su intanet, ko kuma ita rautar ce take mutuwa ta sake tashi. Kowanne maganinsa daban, in ba ka raba su ba yini za ka yi kana lalube.

Ka ɗauki laftof ɗinka da kebul, ka jona kai tsaye a bayan rautar, ka kashe waifai na laftof ɗin. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, guda biyu, a ɗaya ka rubuta ping 192.168.1.1 -t, umarnin da zai yi ta taɓa rautar yana nuna maka ko tana amsawa, in ba ita ce adireshin rautar ba ka juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasa, wasu 192.168.0.1 ne. A ɗayan ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, wannan adireshin Google ne a can intanet. Sai ka nemi waje ka zauna ka jira ta yi halin nata, idonka na kan fitilun. Haƙuri ne aikin, ba wani abu ba.

In duka biyun suka tsaya lokaci guda, fitilu suka ɗauke suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, to rautar ce ta ristatin ɗin kanta. Ko ba ka gani da ido ba, shiga shafin saitin ka nemi inda take nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne, in an ce maka tun safe ba wanda ya taɓa ta amma tana nuna minti bakwai ai ta tona kanta. Nan wlh kafin ka zargi rauta ka zargi adafta. Ni sau nawa na ga haka. Akwai wadda na kwana biyu a kanta ina canza saiti, har na sabunta mata manhajar ciki, ashe adaftarta ta asali ce ta ƙone wani ya kawo wata ya saka tunda bakin ya shiga. Duka bolt 12 (12V) ne amma rautar amfiya ɗaya (1A) take so ita kuma rabin haka (0.5A) take bayarwa, da an taru ana kallon bidiyo sai ta ja wuta fiye da ƙarfin adaftar ta mutu. Kuma kar mita ta ruɗe ka, in ka auna adafta ba a jone ba, za ta nuna maka 12 ɗinta lafiya lau ko da kafasito na ciki ya kumbura, sai an ɗora mata nauyi take faɗuwa. Shi yasa nake cewa kullum ka riƙa yawo da adafta mai kyau a jaka, ka canza ka gani. Ka tabbatar bolt ɗin daidai yake da na rautar, amfiya in ta fi ba komai, in ta gaza ne matsala. Sannan ka taɓa jikinta, in ta yi zafi sosai duba inda aka ajiye ta, wasu a cikin durowa suke kulle ta ko su ɗora ta kan dikoda ko su lulluɓe ta da ƙyalle wai kar ƙura ta shiga.

In kuwa na farko yana ta amsawa na biyu ne kaɗai ya tsaya, tsakaninka da rautar ba matsala, matsalar daga layin da ke shigowa ne. In faiba ce duba fitilar LOS, mai nuna siginar faiba ta ɗauke, in tana ja to hasken ba ya isowa, bi siririn kebul ɗin ka ga ko an lanƙwasa shi ko ƙofa ta matse shi, kar ka ce za ka gyara da hannu, kamfanin za a kira. In mai sim ce shiga shafin saitin ka duba RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sigina, wajen -80 lafiya, in ya kai -110 ko ƙasa da haka dole ta riƙa saki, matsar da ita kusa da taga. In kebul ne daga modem duba kan nan na roba, ɗan maƙallin na karyewa ya riƙa motsi. In 8.8.8.8 na amsawa amma shafi ba ya buɗewa wannan DNS ne, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, canza shi kawai.

Saura na ukun, kebul bai yanke ko sau ɗaya ba amma wayoyi na ta faɗuwa. Fara da tambaya, duka wayoyin ne ko ɗaya? In ɗaya ce ka bar rauta ta sarara, a goge netwok ɗin a wayar a sake shiga, a duba saitin tanadin batir. In duka ne to cunkoso ne galibi. 2.4GHz ɗin nan kowa a kai yake, rautocin maƙwabta, bulutut, har na'urar ɗumama abinci ta maikirowef a nan take. Saka manhajar duba waifai a wayarka ka ga tashar da ba jama'a, amma zaɓinka tsakanin 1, 6 da 11 ne don su ne ba sa hawa kan juna, faɗin tashar kuma ka bar shi a 20MHz. In rautar na da 5GHz ka raba musu suna, na kusa su hau 5, na ɗakin ƙurya su zauna a 2.4 tunda 5 ba ya jure bango. Wasu rautocin in suna ɗaya ne sai su yi ta jefa waya daga wannan zuwa wancan, mai waya ya ga kamar yankewa ne.

Af, ka leƙa ko akwai wata rauta ta biyu da aka jona a gidan don ƙara nisa. In duka biyun na raba adireshi rikici ne, kashe DHCP, wato saitin raba adireshin, na ta biyun.

Gobe kafin ka tafi ka biyo ka karɓi adaftar 12V ɗin da ke cikin akwatina, in ka isa kuma ka ɗauko min hoton takardar ƙasan rautar da na jikin adaftarsu ka turo, in na gani zan faɗa maka ko sai na zo.