Tambaya da Amsa: Tiraka, Tankin Gas da Motocin Kasuwanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tireloli shida masu ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Na sa musu tiraka, ina ganin inda suke a wayata, amma kuɗin gas bai ragu ba. Ko na'urar ce ba ta da kyau? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wataƙila lafiyarta ƙalau. Tiraka ta gama-gari tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS, aƙalla huɗu, ta gane inda mota take da gudunta, sannan ta turo maka ta layin wayar da ke cikinta. Abin da ke cikin tanki kuwa, sai an haɗa mata ma'auni take saninsa.

Kada ka yarda a haɗa ta da ma'aunin da mota ta zo da shi, wanda ke juya allurar mai. Idan tanki ya cika fal ko ya kusa ƙarewa, ba ya faɗin gaskiya. A sa sandar awo ta musamman. Za a juye gas, a bar tankin ya sha iska, a huda samansa daidai tsakiya inda tambal-tambal ɗin mai ya fi ƙanƙanta, a yanke sandar ta yadda za ta bar kamar santimita 2 tsakaninta da gindin tanki saboda laka da ruwa. Mota mai tanki biyu, sanda biyu take so.

Inda masu sawa suka fi yin ha'inci shi ne gwaji. Dole a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a riƙa zuba lita 20-20 da jarkar da aka tabbatar da awonta, a jira minti biyu ko uku mai ya kwanta, a rubuta lambar da sandar ta nuna. Tankin lita 400 zubi 20 ke nan. Aiki ne mai cin lokaci, kuma kowane tanki da nasa, domin ko motocin kamfani ɗaya ne, tankin da ya taɓa lotsewa awonsa ya canja.

Bayan haka sai karanta rahoton da tiraka ke turowa. Mai ya sauka da lita 40 cikin minti goma alhali mota na tsaye, inji a kashe: an zuƙa. Wadda ta fi wuyar kamawa ita ce satar mai ta bututun da ke mayar da ragowar gas cikin tanki, domin ana yin ta inji na aiki, sai ka ɗauka motar ce ke shan mai. Maganinta a haɗa tiraka da kwamfutar inji ta layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke musayar bayani ta cikinsu, a kwatanta abin da inji ya ce ya ƙona da abin da ya fita daga tanki. Amma kada ka tuhumi direba a kan lita huɗu ko biyar. Gas yana kumbura da zafi, tazarar digiri 15 tsakanin rana da dare tana kawo kusan lita 5 a tankin lita 400. Ka duba kuma sa'o'in da ake barin inji a kunne ba tafiya. Babbar mota tana cin lita 2 zuwa 3 a sa'a a haka.

Tambaya: Idan mota ta shiga inda babu sabis fa? Kuma zan iya kashe ta daga waya idan an sace? — Mai karatu daga Gusau

Amsa: GPS ba ya buƙatar sabis, Malam, turo bayanin ne ke buƙata. Na'ura mai kyau tana adana komai ta turo da zarar sabis ya dawo, don haka ka tambayi yawan abin da take iya riƙewa kafin ka saya. Sau da yawa shirun ma daga layi ne: data ta ƙare, ko an rufe shi saboda rajista. Ka sa manhajar ta yi maka ƙararrawa idan an cire wayar batir.

Kashewa tana yiwuwa da rile, wato ɗan makunnin da ke yanke wuta, da ake sawa a wayar famfon mai, amma a saita shi kada ya yi aiki sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a sa'a. Inji ya mutu a guje, sitiyari zai yi tauri, ga lodi a baya, ga jama'a a hanya. Kafin ka danna, sanar da 'yan sanda, ka kuma tabbatar direbanka ba ya hannun ɓarayin.

Tambaya: Ina da ƙananan motoci huɗu na rabon burodi. Wace irin tiraka zan saya? — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Hajiya, akwai wadda ake cusawa a soket ɗin OBD mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanikai ke jona na'urar duba lafiyar mota. Minti ɗaya an sa ta, minti ɗaya kuma an cire ta. Mun fi ba ki shawarar ta wayarin: waya ɗaya zuwa batir da fis ɗinta, ɗaya zuwa bodi, ɗaya zuwa makulli. Ta makullin ce ake yawan haɗawa ba daidai ba, shi ya sa wasu na'urorin ke nuna mota a kunne tana kwance a gareji. A ɓoye tirakar ƙarƙashin robar gaban mota, kada ƙarfe ya rufe samanta. Ki sanar da direbobi a rubuce cewa an sa ta, ki kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa duba rahoton jiya kowace safiya kafin motoci su fita.