Amsa kan maganar kujerar gilaida da ciwon baya

Assalamu alaikum 'yan gida. To ƙanina na saurari muryar da ka ajiye, ka ce kana shirin tashin awa 5 ɗin nan na neman lambar ƙwarewa ta Silver a kulob ɗinku na gilaida, wato jirgin sama marar inji, can Ingila, amma da ka yi awa biyu a cikin jirgin sai kwankwaso ya riƙe, mazaunai su mutu, shi ne kake tambaya ko ka yanko soson katifa mai laushi ka shimfiɗa. Dan Allah kar ka sa. Wallahi da gaske nake, bari in gaya maka dalili.

Ka ga gilaida ba inji, in ka zo sauka ka zo kenan, kuma tsakanin mazaunanka da ƙasa ba wani abin kirki, taya ɗaya ce sai kwanon kujerar. To ranar da aka yi saukar da jirgi ya doki ƙasa da ƙarfi, shi jirgin ya riga ya tsaya amma kai kana ci gaba da nutsewa cikin soson nan har ya lotse gaba ɗaya, sannan ka haɗu da kwanon kujera lokaci guda, wani sa'in ma jirgin ya fara dawowa sama ku yi karo, duk ƙarfin nan ƙashin bayanka ne zai sha. Mutane sun karya ƙashin baya ta haka. Akwai wani likita Dr Tony Segal, shi ma ya tuƙa gilaida a filin Lasham na Ingila, ya yi shekaru yana gwaji a kan wannan, abin da ya fito shi ne soso mai laushi ƙara bugun yake, ba ragewa ba. Shi ya sa BGA, ƙungiyar masu gilaida ta Birtaniya, take cewa a yi amfani da soso mai shanye bugu, irin su Dynafoam ko Confor. In ka danna shi da yatsa ba ya tasowa nan take, a hankali yake dawowa. Kamar inci ɗaya ya ishi yawancin mutane. Da sanyin safiya za ka ji shi tauri kamar katako, kar ka damu, ɗumin jikinka zai sa ya bi siffarka.

Sannan ka ɗaure shi. Wannan kam ba wasa, sandar tuƙi tsakanin ƙafafunka take, kushin in ya zame gaba zai iya tokare ta. Kuma ku da ake janku da winci, injin da ke naɗe igiya daga ƙasa don ɗaga jirgin, lokacin da igiya ta fizgi jirgin, in akwai abu mai laushi a bayanka sai ka zame baya, ƙafa ta bar feda, hannu ya jawo sanda ba ka sani ba, a daidai lokacin da bai kamata hanci ya ɗaga da yawa ba. Don haka bayan ma mai tauri za ka sa.

Shi ciwon kwankwason, yawanci laima ce, wato parashut. Laimar da kake goyawa shimfiɗaɗɗiya ce, shi kuma bayan mutum yana da lanƙwasa wajen tsatso, to a kishingiɗen nan da ake zama sai wajen ya zama rami ba abin da ya tallafe shi, awa biyu sai ya fara ciwo. Ka samu ɗan soso mai tauri ko tawul ka naɗe shi tamau ka sa tsakanin bayanka da laimar, ba bayan laimar ba, daidai ramin. Ka duba ƙarfunan igiyar laimar ma kar wani ya zauna maka kan ƙashi. Mutuwar mazaunai kuma cinyoyinka ne ke rataye, nauyin duk ya taru wuri ɗaya, ka gyara feda yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kuma ka iya taka ta har ƙarshe, cinya ta samu inda ta kwanta. Walat da makulli fitar da su daga aljihun baya.

In ka ƙara kushin ka rufe murfin gilashin ka gani, ya zama akwai kamar yatsa biyu tsakaninsa da kanka, hula kuma banda mai maɓalli a tsakiya. Bel na ƙugu shi za ka fara ɗaurewa, ƙasa kan ƙashin ƙugu, sannan na kafaɗa.

Ruwa ka sha, kar ka ce za ka ƙi sha don tsoron fitsari, rashin ruwa shi ke kawo ciwon kai da gajiya daidai lokacin sauka, ka tanadi leda ko abin da 'yan kulob ke amfani da shi.

Kafin ranar, ka je hanga, inda ake ajiye jirage, ka goya laimar, ka ɗaure bel ka zauna cikin jirgin awa guda a ƙasa, duk inda ya dame ka ka gyara a nan. In ka gama ka kira malaminka ya duba sanda da birkin iska suna kaiwa ƙarshe, ka turo min hoton kujerar in gani. Allah ya ba da sa'a.