Me ya sa masoyan Neil Young ba sa jituwa kan kundayensa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A wurin kawuna na fara jin Neil Young. Yana da tsohon kaset na Harvest, kuma waƙoƙin sun kwanta mini sosai. Da na nemi ƙari sai aka ce in saurari Tonight's the Night, wai shi ne ya fi duka. Na saurara, na ji murya tana rawa, kiɗa kamar ba a daidaita shi ba. Wani kuma ya ce in guji duk abin da ya yi a shekarun 1980. Kunnena ne bai ƙware ba, ko masu yabon ne ke ƙarin gishiri?

Amsa: Yawwa ƙanena, kunnenka lafiya lau yake. Abin da ka ji yana nan: muryar tana rawa, wani lokacin ma ta kasa kaiwa inda ya nufa. Masu yabon ma ba ƙarya suke yi ba. Gardamar nan ta kai shekara 50 ana yin ta, kuma shi mawaƙin ne ya kunna ta da hannunsa.

An haifi Neil Young a Toronto ta ƙasar Kanada a 1945. Tun farkon aikinsa murya biyu gare shi. Akwai mai jitar katako da sanyin murya, wanda ka sani. Akwai kuma mai jitar lantarki da ƙara, wanda ya fito a 1969 tare da ƙungiyar makaɗansa Crazy Horse a kundin Everybody Knows This Is Nowhere, inda waƙa ɗaya kan kai minti tara ko goma. Yawancin masu musu a kansa, in ka bi diddigi, kowa ƙofar da ya shigo ta ita yake karewa. Kai ta Harvest ka shigo, don haka da ita kake auna sauran.

Harvest ya fito a Fabrairun 1972. An ɗauki wani ɓangarensa a Nashville, cibiyar kiɗan karkarar Amurka, a lokacin da ciwon baya ya hana shi tsayuwa da jitar lantarki mai nauyi, wanda hakan na daga cikin dalilan laushin kundin. Mawaƙa James Taylor da Linda Ronstadt sun yi masa amshi a waƙar "Heart of Gold", wadda har yau ita kaɗai ce waƙarsa da ta hau lamba ta ɗaya a Amurka. Kundin ya fi kowane kundi ciniki a Amurka a shekarar. Duk da haka tsofaffin masoyansa na da ƙorafi a kai, musamman waƙoƙi biyun da aka saka wa babbar ƙungiyar makaɗan London Symphony, waɗanda suke ganin an yi musu ado fiye da kima. Ni ma a nan ina tare da su, ko da yake ba na yarda da masu raina kundin gaba ɗaya don kawai kowa na son sa.

Abin da ya biyo baya shi ne amsar tambayarka. A Nuwamban 1972 yana shirin zagayen wasanni, ya kira Danny Whitten, mai jitar Crazy Horse, wanda miyagun ƙwayoyi suka riga suka cinye. Whitten ya kasa riƙe kiɗan, Young ya sallame shi, Whitten ya koma Los Angeles, a daren ranar ya mutu. Bayan wata bakwai, Bruce Berry, mai ɗawainiya da kayan kiɗa kuma abokinsu, shi ma ƙwaya ta kashe shi. A cikin wannan makoki aka ɗauki Tonight's the Night a 1973, cikin dare, a ɗakin da makaɗa ke haya don gwaji, ana shan giya ana kiɗa, ba a tsaya gyara kuskure ba. Sai a 1975 aka fitar da shi. To rawar muryar da ta dame ka, muryar mutum ce da ke ganin da hannunsa a mutuwar abokinsa. Masu cewa shi ne gwanin kundayensa suna nufin babu inda ya fi faɗin gaskiya. Masu ƙin sa suna cewa baƙin ciki bai zama uzurin sakaci ba. Na jima ina cikin na biyun, sai da na yi rashi na kusa na sake saurara, na ji abin da na kasa ji a da. Ba kundin da ake sawa ana shara ko tuƙi ba ne, zama ake yi masa.

Shi da kansa ya rubuta a 1977, a bayanin da ya raka tarin waƙoƙinsa mai suna Decade, cewa nasarar "Heart of Gold" ta kai shi tsakiyar titi, tafiya a can ta gundure shi, sai ya gangara rami. Daga nan masoya suka sa wa kundaye uku na lokacin suna "ukun rami": Time Fades Away na 1973, On the Beach na 1974, da wanda ka saurara. Waɗanda suka sayi tikiti don jin Harvest a 1973 sun tarar da sababbin waƙoƙi masu kaushi, da yawa suka koma gida da fushi. In ka tambaye ni, On the Beach ne mafi kyawun aikinsa, domin ya haɗa zafin zuciyar nan da natsuwar kiɗa. Da ya fito mutane da yawa sun ce ya cika duhu. Ya kuma yi shekaru ba a samun sa a kasuwa, sai a 2003 aka fitar da shi a faifan CD, kuma kafin lokacin ya riga ya zama abin da masoya ke nema ruwa a jallo. Waƙoƙin ba su canza ba tsakanin 1974 da 2003, masu sauraro ne suka canza.

Maganar shekarun 1980 kuwa, wanda ya ba ka shawara ya yi kuɗin goro, amma akwai ƙamshin gaskiya a zancensa. Da Young ya koma kamfanin fitar da waƙoƙi na Geffen a 1982 sai ya fitar da Trans, inda a yawancin waƙoƙin ya bi da muryarsa ta cikin na'urar da ke mayar da ita kamar ta mutum-mutumi. Mutane suka ɗauka kwaikwayon yayi yake yi. Ba su san cewa yana da ƙaramin ɗa da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana motsi da magana ba, kuma shi da matarsa suna kwashe sa'o'i kullum suna neman hanyar da za su fahimci juna da yaron. Muryar da ba ka gane abin da take faɗa, ita ce saƙon. Wannan bai sa kowace waƙa a ciki ta yi daɗi ba, amma ba na iya jin ana yi wa kundin dariya in yi shiru. Na bayansa, Everybody's Rockin' na 1983, minti 25 ne kacal na salon shekarun 1950, kuma gaskiya ba shi da nauyi. A shekarar ne Geffen ya kai shi kotu yana neman fiye da dala miliyan 3, bisa zargin cewa yana yin kiɗan da bai yi kama da nasa ba. Daga baya aka sasanta.

Sauran labarin gajere ne, don a nan ra'ayi ya fi haɗuwa. Freedom na 1989 da Ragged Glory na 1990 sun dawo da shi, matasan makaɗan birnin Seattle na Amurka suka ɗauke shi uba, har ya yi kundi da ƙungiyar Pearl Jam a 1995. A 1992 kuma ya tara yawancin mutanen da suka yi Harvest suka yi Harvest Moon. Kundayensa na bayan 2000 suna da yawa, kuma ko masoyan gaske suna yarda cewa yana fitar da su da gaggawa.

Ga yadda zan so ka bi. Fara da After the Gold Rush na 1970, ɗan uwan Harvest ne, wasu ma sun fi son sa. Sai Harvest Moon. Daga nan ka ɗauki Rust Never Sleeps na 1979, wanda rabinsa na farko jitar katako ce, rabi na biyu lantarki, don ka ji mutum biyun nan a wuri ɗaya. Bayansa On the Beach. Tonight's the Night kuwa ka ajiye shi tukuna, ka koma masa bayan 'yan watanni, da dare, daga waƙar farko har ta ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Ka kuma gaida kawu, ka tambaye shi ko a kasetin nasa yana wuce waƙoƙi biyun nan na makaɗan Landan.