Kawu bai taɓa shan taba ba, daga ina dajin bayan hanci ya same shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kawuna manomi ne, ya haura shekara 50, bai taɓa kai taba ko giya bakinsa ba. Wata shida ke nan da ƙullutu ya fito masa a gefen wuya, kunnensa ɗaya ya toshe, ga yawan haɓo. Mun kai shi asibitin koyarwa na Shika, aka ciro ɗan nama ta hancinsa, aka ce ciwon daji ne. A gida an rabu biyu. Wasu na cewa jifa ne, tunda maƙwabcinsa da ya shekara 30 yana busa sigari lafiyarsa ƙalau. Wasu kuma na ganin laifinmu da muka bari ƙarfe ya taɓa shi, wai daji ba ya son ƙarfe. Na ji an ce bincikenka a kan irin wannan ciwo yake. Me ke faruwa a jikin Kawu? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ce.

Maganar ƙarfe gajera ce, da ita zan fara. Ciro naman bai yaɗa komai ba. Ƙullutun nan na wuya kaluluwa ce da ciwon ya riga ya isa gare ta watanni kafin ku je Shika. Abin da ya haifi wannan camfi shi ne ba a kawo mana majinyaci sai ciwo ya ci ƙarfinsa, to idan jiki ya ƙara rikicewa bayan gwaji sai a ɗora wa allura.

Sauran tambayar kuwa ita ce abin da muke kwana muna tashi a kai a ɗakin bincike. Fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro da bayan hanci kullum cikin sabuntawa take, ƙwayoyin halittarta suna rabuwa suna maye gurbin waɗanda suka mutu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin gado, wato DNA, kuma a cikinsa akwai umarnin da ke aiki kamar totur, akwai mai aiki kamar birki. Babban birkin shi ne sinadarin p53, wanda David Lane a Ingila da Arnold Levine a Amurka suna cikin waɗanda suka gano shi a 1979. Idan kundin ƙwaya ya lalace, p53 zai tsayar da ita a gyara, in ta ƙi gyaruwa ya sa ta kashe kanta. Daji yana farawa ne ranar da birki ya tsinke totur ya maƙale, kuma hanyoyin kaiwa ga haka ba ɗaya ba ne.

Ta mashayin sigari ita kowa ya sani. Gubar hayaƙi tana mannewa a jikin kundin, ta ɓata rubutun p53 ɗin kansa, giya kuma tana ƙara wa wutar fetur. Taba gari da ake cusawa a bayan leɓe da shishar da samari ke zuƙa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2015 ya karanta kundin ƙullutai 279 na kai da wuya, ya tarar kusan duk na mashaya taba p53 ɗinsu a lalace yake. Amma ɓarna ɗaya ba ta isa, sai da yawa sun taru a ƙwaya guda, shi ya sa wani zai shekara 30 yana sha bai gamu da ita ba tukuna. Ku gaya wa maƙwabcin nan ya daina ganin kansa a matsayin hujja.

Hanya ta biyu ƙwayar cutar HPV ce, musamman lamba 16, wadda ke kama tushen harshe da gefen maƙogwaro. Ita ba ta ɓata rubutu, wani sinadarinta mai suna E6 ne ke narkar da p53 bayan an ƙera shi. Ita ce dai ƙwayar da ke kawo dajin bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023.

Abin da ka kwatanta na Kawu ya fi kama da ta uku. Can bayan hanci, sama da ganɗa, akwai wani lungu da 'yar hanyar iska ta kunne ke buɗewa a cikinsa. Tsiro a wurin shi ke toshe kunne ɗaya ya kawo haɓo, kuma yakan yi zamansa shiru har sai wuya ya kumbura. Dajin wannan lungu yana tafiya ne da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a Landan a 1964 cikin naman dajin muƙamuƙin yara da aka aiko daga Yuganda. Sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, da ni da kai mai yiwuwa muna ciki. Ta yawu ake ɗaukarta tun ana yara, sai ta lafe a jiki har ƙarshen rai ba tare da ta dami yawancin mutane ba.

Me ya sa ta tashi a jikin Kawu ta ƙyale dubbai? Ita kaɗai ba ta iyawa, sai ta tarar da ƙwayar halittar jiki da ta riga ta raunana, misali wadda ta rasa wani ƙaramin birki da ake kira p16. A nan ne take samun wurin zama, ta riƙa fitar da sinadarin LMP1 wanda ke danne totur ba ɗagawa, yana ba ƙwayar umarnin ta hayayyafa kuma kada ta mutu. Raunin farkon yana da alaƙa da gado, da daɗewa ana shaƙar ƙurar katako ko sinadarin fomalin (wanda ake adana gawa da shi), a kudancin Sin kuma da kifin da ake adanawa da gishiri. Ni a ganina wannan gaɓa ce ta fi cancantar binciken 'yan ƙasar nan, don abincinmu da sana'o'inmu ba irin na Sinawa ba ne. Su can sun yi nisa: a Hong Kong an wallafa a 2017 cewa an auna jinin maza 20,174 ana neman ɓurɓushin wannan ƙwayar cuta, aka gano mutum 34 da dajin, yawancinsu tun yana ƙarami.

Amfanin naman da aka ciro ke nan, shi ke nuna irin dajin, maganin kuma ya bi iri. Na bayan hanci ba kasafai ake masa tiyata ba, don yana jin gashin na'ura sosai, ana haɗawa da ƙarin ruwa mai maganin sisfilatin, kuma ko ya kai kaluluwar wuya ana yinsa ne da niyyar warkarwa. Gashin yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kada a tsallake kwanaki don an ga ƙullutu ya saɓe. Ku tambayi likitansa matakin da ciwon yake, a kai shi wurin likitan haƙori kafin a fara, a kuma dage da kunun gyada da madara da ƙwai tun yanzu, don maƙogwaro zai yi zafi a tsakiyar magani. Cin abinci kwano ɗaya da shi ba ya sa wa kowa daji, amma idan wani cikin 'yan'uwansa na jini ya ji kunne ɗaya ya toshe ko ya ga ƙullutu a wuya har mako uku, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa masa da na'ura.