Tambaya da Amsa: Wasan Ya Ce Na Makara, Kunnena Ya Ce A Kan Kiɗa Nake

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a unguwar Yalwa da ke Bauchi. Wani abokina ya sanya mini wasan StepMania a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wasan nan da kibiyoyi ke hawowa daga ƙasa, mutum yana danna madanni daidai da bugun kiɗa. Na kamu da son wasan, sai dai kullum yana nuna mini cewa na makara, alhali kunnena ya tabbatar mini a kan kiɗa na danna. Kwamfutar ta hannu ce, ta kwana biyu, kuma nakan haɗa ta da talabijin ɗin falo da sifikar Bluetooth domin in ji daɗin sauti. Na fara tara kuɗin sabuwa. Shin tsufan kwamfutar ne ya jawo haka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka adana kuɗinka tukuna, domin abin da ka bayyana bai yi kama da ciwon tsufa ba, kuma da za ka sayo sabuwar kwamfuta gobe ka haɗa ta da talabijin ɗin nan da sifikar nan, da sai wasan ya ci gaba da ce maka ka makara.

Asalin irin waɗannan wasanni gidajen gem ne na ƙasar Japan, inda ake jefa kwandala cikin inji kafin a yi wasa. Kamfanin Konami ya fitar da Beatmania a 1997, sannan Dance Dance Revolution a 1998, wanda ake takawa da ƙafa a kan faifai huɗu. A cikin waɗancan injina, kamfani ɗaya ne ya haɗa allon kallo da lasifika da wurin takawa, ya kuma auna su tare tun kafin su bar masana'anta. StepMania, wanda Chris Danford ya fara a 2001 kuma ake sauke shi kyauta, an yi shi ne domin a kawo wannan wasa cikin gida, kuma yana tafiya a kan kwamfutocin da suka girmi taka nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne, a gida kai ne mai haɗa kayan, kowanne daga kamfani daban, kuma kowannensu yana ɗan riƙe saƙo kafin ya miƙa shi gaba.

Wannan ɗan riƙewa ba ya damun mai kallon fim ko mai buga takarda, amma wasan kiɗa yana auna dannawarka da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A saitin StepMania na asali, sai ka danna cikin milisakan 22.5 kafin ko bayan bugun kiɗa za ka sami maki mafi daraja. Daraja ta biyu tana tsayawa a 45, ta uku a 90, kuma duk abin da ya wuce 180 ana lissafa shi a matsayin kuskure. To, sifikar Bluetooth takan jinkirta sauti da milisakan 100 zuwa 200, wani lokaci fiye da haka, saboda sai an dunƙule sautin an aika ta iska, sannan sifika ta warware shi. Ma'ana, lokacin da bugun ya iso kunnenka, kwamfuta ta riga ta wuce wurin. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, wasan ma bai yi ba. Labarin ne ya iso maka a makare.

Talabijin ma da nata laifin, domin takan tsaya gyara launi da santsin hoto kafin ta nuna shi, abin da ke cin milisakan masu yawa. Idan ka ƙara da nisan da ke tsakaninka da sifika, tunda sauti yana ɗaukar kusan milisakan 3 kafin ya ratsa mita ɗaya, za ka ga yadda ƙananan jinkiri ke taruwa su zama babba.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka kashe Bluetooth ka sayi iyafis mai waya, irin wanda ake samu a hannun masu kayan waya a kasuwar Wunti, ko mai arha ne. Na biyu, ka koma kan fuskar kwamfutar kanta, ko kuwa idan dole sai da talabijin, ka nemi saitin wasan gem a cikin saitunan hotonta ka kunna shi. Sai bayan ka yi waɗannan ne za ka taɓa abin da 'yan wasa ke kira ofset, wato adadin milisakan da wasan zai matsar da kibiyoyi domin su haɗu da abin da kake ji. A cikin zaɓuɓɓukan StepMania akwai wurin auna daidaiton sauti, inda za a kunna maka bugu mai sauƙi ka yi ta dannawa har wasan ya lissafa matsakaicin jinkirinka ya adana. Ka kuma san cewa madannin F7 yana kunna tafi a kan kowace kibiya lokacin wasa. Idan tafin da bugun kiɗa suka zo tare a wata waƙa amma suka saɓa a wata, to wanda ya tsara kibiyoyin waƙar ta biyu ne bai daidaita su ba, ba na'urarka ba. Duk ranar da ka canza iyafis ko allon kallo, sai ka sake awo.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a nan. Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta koma kan batir, takan rage wa kanta ƙarfi domin tattalin caji, kuma a zafin Maris da Afrilu na Bauchi, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe fankarta, takan sake rage gudu domin kada ta ƙone. Alamar wannan daban take da ta jinkiri: kibiyoyi za su riƙa tsalle suna sarƙewa maimakon tafiya sumul. Idan ka ga haka, ka ɗauke ta daga kan katifa ka ɗora a kan tebur, ka kai a hure mata ƙura, ka kashe bidiyon da ke motsi a bayan kibiyoyi, ka kuma rufe burauza. Sai idan duk wannan bai yi magani ba za mu zauna maganar sabuwa.

Kada kuma ka yi mamaki idan ka danna madannai uku lokaci guda ɗaya ya ƙi shiga. Yawancin kibod na tafi-da-gidanka ba a ƙera su domin haka ba. Sauya madannan daga kibiyoyi huɗu na gefe zuwa D, F, J da K yakan taimaka, ga shi kuma yana raba aikin tsakanin hannu biyu.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 13 ya matsa mini sai na saya masa tabarmar rawa da ake haɗawa da kwamfuta. Yana da amfani, ko ɓata lokaci ne kawai? Kuma ina da damuwa kan irin waƙoƙin da zai riƙa ji. Daga wata uwa a Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA: Hajiya, cikin wasannin kwamfuta wannan yana daga 'yan kaɗan da ke tayar da yaro daga kujera ya yi gumi, har ma jihar West Virginia ta Amurka ta sanar a 2006 cewa za ta shigar da Dance Dance Revolution cikin darasin motsa jiki na makarantun gwamnati. Tabarmar iri biyu ce: ta leda mai naɗewa, wadda ba ta da tsada amma tana zamewa a kan tayil, da ta ƙarfe ko katako mai nauyi, wadda kuɗinta da na kawo ta daga waje suka fi ƙarfin gwaji. Shawarata ki fara da ta leda, ki sa kafinta ya yanko falanki daidai faɗinta a manne ta a kai. Ki tabbatar mai shiga USB kai tsaye ce, domin wasu na'urorin da ke haɗa tsohuwar tabarmar PlayStation da kwamfuta ba sa karɓar hagu da dama a lokaci ɗaya, alhali wasan yana buƙatar hakan duk sa'ad da aka yi tsalle.

Damuwarki kan waƙoƙi tana kan hanya, kuma a nan StepMania ya fi ba ki iko, tunda mai shi ne ke zuba masa waƙoƙi a cikin wata jaka ta cikin kwamfuta, wato folda, da kowa zai iya buɗewa ya saurara ya goge abin da bai gamsu da shi ba. Wani wasan kiɗan mai suna osu!, wanda Dean Herbert ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2007, shi ne na fi so ki sa wa ido, saboda jama'a ne ke ɗora waƙoƙinsa tare da hotunan zane na Japan, kuma wasu hotunan ba su dace da tarbiyyarmu ba. Ana iya dusashe hoton baya gaba ɗaya a cikin saiti. Lokacin wasa kuwa, ke za ki yanka masa, bayan Islamiyya da aikin gida.

TAMBAYA: Duk waƙoƙin da na samu na Japan ne da na Turai. Za a iya sanya kiɗanmu na Hausa? Daga wani mai haɗa sauti a Jahun, Bauchi.

AMSA: Ƙwarai kuwa, malam, kuma kai da ke aikin situdiyo ka fi kowa kusa da yin sa. Kowace waƙa a StepMania jaka ce mai ɗauke da sautin da kuma wani ƙaramin fayil na rubutu mai ƙarewa da .sm ko .ssc, wanda ke faɗin yawan bugu a minti ɗaya, da inda bugun farko ya faɗo, da jerin kibiyoyi. Akwai edita a cikin wasan, akwai kuma manhajar ArrowVortex ta kyauta, wadda ke nuna siffar sautin domin ka ga bugun da idonka.

Waƙoƙin zamani da aka haɗa da fiyano da kwamfuta ba su da wahala, domin saurinsu ba ya motsi daga farko har ƙarshe, lamba ɗaya ta wadatar. Kiɗan kalangu ko na kotso da aka ɗauka a wurin biki shi ne aikin, saboda makaɗi yana bin mawaƙi da 'yan amshi da masu rawa, ya ɗan ja baya idan ana kirari, ya kuma ƙara wuta idan fili ya ɗauka. Dole ka bi waƙar gaɓa-gaɓa kana sauya lambar sauri, in ba haka ba kafin a yi rabin minti kibiyoyi sun rabu da ganga. Ka kuma lura cewa da yawa daga kiɗe-kiɗenmu na gargajiya suna raba bugu gida uku ne, ba gida huɗu ba, saboda haka ka saita editan a kan kashi 12 maimakon 16, domin wanda ya tilasta wa kalangu rabon huɗu zai ji ƙafarsa tana tuntuɓe ba tare da ya san dalili ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kalangu yana hawa da sauka da murya gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsirkiyarsa a hammata, kuma ana iya nuna wannan a cikin kibiyoyi: ƙasan murya ya faɗa hagu, samanta ya faɗa dama, ta yadda mai takawa zai riƙa bin zancen gangar da ƙafarsa. Idan za ka raba wa jama'a abin da ka tsara, ka nemi izinin mai waƙar tukuna, ko kuma ka gayyato makaɗi situdiyonka, ka biya shi, ku ɗauki minti biyu na kiɗan da zai zama naku.